Shin da gaske Buddha ya ce kada a yarda da komai sai abin da hankali ya karɓa?

Ɗalibi Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina karatun falsafa ne, kuma a wannan zangon muna da darasi a kan addinan Asiya. Kwanakin baya wani abokina ya turo mini hoto ta WhatsApp, wanda ke ɗauke da gunkin Buddha da wata magana da aka jingina masa. Ma'anar maganar ita ce kada mutum ya gaskata komai, ko a ina ya karanta shi, ko wane ne ya faɗa, ko da shi Buddha ɗin ne da kansa, sai idan abin ya dace da hankalinsa. Abokin nawa ya kafa hujja da wannan yana cewa tafarkin Buddha falsafa ce ta masu bincike, babu imani a cikinta ko kaɗan.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk lokacin da na kalli bidiyon mabiya wannan addini a Tailan ko Sri Lanka ko Tibet, abin da nake gani shi ne mutane suna durƙusawa gaban gumaka, suna ajiye furanni, suna kunna turare, wasu ma suna kwanciya rubda ciki gaban malamansu. Wannan bai yi mini kama da halin wanda aka ce kada ya yarda da kowa ba. Ni Musulmi ne, neman sani ne kawai ya kawo ni, kuma ba na so in rubuta wa malaminmu abin da ba shi da tushe. Shin maganar ingantacciya ce? Idan kuwa tana da asali, ina matsayin imani a koyarwarsu?

Malam Tsohon Littafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗalibi. Maganar da ke jikin hoton, da wannan lafazin, ba ta cikin nassoshin addinin Buddha. Tana da asali, sai dai an yi mata kwaskwarimar da ta juya ma'anarta, kuma wurin da aka juya shi ne ainihin amsar tambayarka.

Asalin shi ne huɗubar da ake kira Kalama Sutta, wadda take cikin kundin Anguttara Nikaya na nassoshin Pali, wani tsohon harshen Indiya, a sashen abubuwa uku-uku, lamba ta 65 a yawancin bugu. Buddha, wanda ya rayu a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sauka a wani gari mai suna Kesaputta a yankin masarautar Kosala, garin wata ƙabila da ake kira Kalama. Mutanen garin suka zo masa da kuka. Suka ce masu zuhudu da malaman Brahmana, wato limaman tsohon addinin Indiya, suna yawan ratsowa ta garinsu, kowa ya zo sai ya ƙawata nasa ra'ayin ya yi kaca-kaca da na sauran, gobe wani ya zo ya yi haka, har sun rasa gane mai gaskiya da mai ƙarya. Bai tsawata musu a kan wannan kokwanto ba. Ya ce musu ya dace su yi shakka, domin shakkar ta taso ne a wurin da ya cancanci a yi ta.

Daga nan ya lissafa abubuwa goma da ya ce kada su dogara da su. Kada su bi abu don an yi ta maimaita shi baki da baki, ko don an gaje shi kaka da kakanni, ko don ji-ta-ji-ta, ko don yana cikin tarin nassoshin da ake girmamawa. Kada su bi shi don hujjar manɗiƙi, ko don ƙiyasi, ko don sun auna dalilai a zuci, ko don ra'ayin ya kwanta musu bayan sun yi tunani a kansa. Kada kuma su bi shi don mai maganar yana da alamar ƙwarewa, ko don sun ce ai wannan malaminmu ne.

Ka ƙirga da kyau. Huɗu daga cikin goman nan aikin hankalin mutum ne shi kansa. Ke nan wanda ya rubuta cewa sai abin da ya dace da hankalinka ya ɗauki abin da huɗubar ta ce kada a dogara da shi, ya mai da shi ma'auni. Dalilin sa hankali cikin jerin ba ɓoyayye ba ne, domin hujja tana iya tsaruwa tsaf alhali an gina ta a kan ƙarya, kuma babu abin da ya fi saurin kwanta wa mutum a rai kamar ra'ayin da yake so tun da farko.

Ma'aunin da ya ba su kuwa shi ne, idan kun sani da kanku cewa waɗannan abubuwa munana ne, abin zargi ne, masu hikima suna ƙyamar su, kuma idan an aikata su suna kai ga cuta da wahala, to ku bar su. Sai ya shiga yi musu tambayoyi. Idan haɗama ta taso a zuciyar mutum, alheri take jawo masa ko cuta? Suka ce cuta. Wanda haɗama ta rinjaya, ba shi ne yake kisa da sata da neman matar wani da ƙarya, har ya sa wasu su yi ba? Suka ce haka ne. Ya yi musu irin wannan tambaya a kan ƙiyayya da ruɗun zuciya. Ka lura cewa bai ce su zauna su warware asalin duniya da tunaninsu ba. Ya ja su ne zuwa abin da kowane magidanci ya taɓa gani a gidansa da kasuwarsa, kuma ko a nan bai bar mutum shi kaɗai da ra'ayinsa ba, tunda ya sa hukuncin masu hikima cikin ma'aunin.

Ƙarshen huɗubar ya fi ba ni sha'awa. Ya ce wanda ya tsarkake zuciyarsa daga gaba da mugun nufi yana da natsuwa iri huɗu tun a nan duniya. Idan akwai wata rayuwa bayan mutuwa kuma ayyuka suna da sakamako, zai sami kyakkyawar makoma. Idan babu, ya dai rayu a nan cikin kwanciyar hankali ba tare da gaba ba. Idan sharri yana komawa kan mai yin sa, shi bai nufi kowa da sharri ba. Idan ma ba ya komawa, ya tsira da tsarkinsa ta kowace fuska. Wato bai sharɗanta musu su gaskata sake haihuwa bayan mutuwa kafin su fara gyara hali ba, ko da yake shi kansa yana koyar da ita a wurare da dama.

Game da imani, suna da kalmar saddha, wadda ta fi kusa da amincewa ko yarda. Tana cikin ƙarfafan zuciya guda biyar da suke lissafawa, tare da himma da farkawar hankali da tattara tunani da hikima. Saboda haka abokinka ya yi kuskure da ya ce babu imani ko kaɗan.

Maman Ilham ta amsa:

Malam, Allah ya ƙara sani. Ina so in ƙara wani abu daga abin da na gani da idona, domin na zauna shekara biyu a Sri Lanka lokacin da aiki ya kai maigidana can, kuma abin da ke cikin littafi daban yake da abin da ke kan titi.

A ƙasar, ranar cikar wata ta kowane wata hutu ce ta gwamnati, suna kiran ta Poya. Mutane suna sa fararen kaya su tafi wurin ibada da furanni, su maimaita kalmomin neman mafaka ga Buddha da koyarwarsa da jama'ar masu zuhudu sau uku, sannan su karɓi alkawura biyar na barin kisa da sata da alfasha da ƙarya da kayan maye. A birnin Kandy akwai ɗakin ibadar da suka yi imani yana ɗauke da haƙorin Buddha, kuma duk shekara wajen watan Yuli ko Agusta ana yin gagarumin jerin gwano da giwaye domin girmama shi. Masu zuhudu suna karanta nassoshin kariya a kan zare, a ɗaura wa mutum a wuyan hannu. Maƙwabciyata, wadda malamar makaranta ce mai ilimi sosai, ba ta taɓa ce mini ta gwada koyarwar ta ga ta yi daidai kafin ta karɓa ba. A cikinta aka haife ta, kamar yadda aka haifi uwarta da kakarta, wato dai gadon kaka da kakannin da huɗubar ta ambata.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, shaharar da Kalama Sutta ta yi a zamaninmu tana da nata tarihin. Bayan Turawan Ingila sun kama masarautar Kandy a 1815, 'yan mishan sun yi ta sukar addinin da cewa bautar gumaka ce da camfi. Mabiyansa suka tashi kare kansu, har aka yi shahararriyar muhawarar nan ta garin Panadura a 1873 tsakanin wani mai zuhudu da ake kira Gunananda da masu wa'azin Kirista. Labarin muhawarar ya kai Amurka, kuma yana cikin abin da ya jawo wani Ba'amurke mai suna Henry Olcott ya zo tsibirin na Sri Lanka a 1880 ya taimaka wajen kafa makarantun mabiya Buddha. Tun daga wannan zamani aka riƙa gabatar da addinin a matsayin wanda ya dace da kimiyya da bincike, sai aka riƙa fito da nassoshin da suka ƙarfafa wannan fuska. A ƙarshen shekarun 1950 wani mai zuhudu ɗan Sri Lanka, Soma Thera, ya fassara huɗubar zuwa Ingilishi da take mai nuna cewa ita ce takardar 'yancin bincike ta Buddha, kuma wannan laƙabi ya bi ta har yau.

Sannan kada ɗalibi ya ɗauka addinin Buddha abu ɗaya ne. A Japan, ɗariƙar da Shinran ya kafa, wanda ya rayu daga 1173 zuwa 1263, ta ginu ne kacokan a kan miƙa wuya ga alƙawarin Amida, wani Buddha na daban da suka yi imani zai cece su, har tana ganin dogaro da ƙoƙarin kai wani nau'i ne na girman kai. Tana cikin manyan ɗariƙun ƙasar. Wanda ya je musu da maganar da ke jikin hoton nan zai sha kallo.

Mai Tantama ya amsa:

Ina neman afuwar Malam, amma ina ganin an yi wa huɗubar sassauci fiye da kima. Ni a karatuna, binciken da aka ba mutanen Kalama bincike ne da aka riga aka san inda zai ƙare. Wane ne za a tambaya ko haɗama tana jawo cuta ya ce a'a? Tambayoyin duka an tsara su ne yadda amsa ɗaya kawai za ta fito, kuma huɗubar ta rufe da mutanen garin suna neman mafaka ga Buddha har ƙarshen rayuwarsu. Malaman da suka riga shi zuwa garin ma abin da suke nema ke nan, shi dai ya fi su iya zance.

Na biyu, a cikin koyarwar akwai kalmar vicikiccha, wato shakka, kuma an lissafa ta cikin shingaye biyar da suke hana zuciya natsuwa, an kuma sa ta cikin ɗauri uku na farko da dole mutum ya tsinke kafin a ce ya shiga matakin farko na tsira. Haka nan an bayyana cewa musun sakamakon ayyuka da musun wata rayuwa bayan wannan karkataccen ra'ayi ne. To wane irin 'yancin bincike ne wannan, da za a ce ka bincika, amma idan bincikenka ya kai ka ga wata amsa daban sai a ce zuciyarka ce take da ciwo?

Na uku, su wane ne masu hikimar da aka ce a duba hukuncinsu? Idan mabiya tafarkin ne, an dawo gidan jiya. Kuma ita kanta huɗubar ta wace hanya ta iso gare mu? Nassoshin nan suna buɗewa da kalmar "haka na ji", an yi ta haddace su baki da baki tsawon ɗaruruwan shekaru, sai a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa aka rubuta su a Sri Lanka. Wanda ya kafa hujja da ita ya dogara ne da abu na farko da na huɗu cikin goman da ta hana.

Malam Tsohon Littafi ya sake amsawa:

Babu buƙatar neman afuwa, ɗan'uwa, domin rabin abin da ka faɗa na yarda da shi, kuma wasu malamansu sun riga ka faɗa. Bhikkhu Bodhi, Ba'amurken mai zuhudu wanda ya fassara kundin Anguttara gaba ɗayansa, ya ja hankali cewa mutanen Kalama ba almajiran Buddha ba ne a lokacin, baƙi ne da ke cikin ruɗani, don haka aka fara musu da abin da za su iya tabbatarwa da kansu. Ba a nufin huɗubar ta zama izni ga kowane mabiyi ya zaɓi abin da ya ga dama ya watsar da sauran. Maman Ilham ma ta yi gaskiya cewa yawancin mabiya gadon addinin suka yi.

Inda na rabu da kai shi ne batun shakka. Nassoshin sun bambanta shakkar da take sa mutum bincike da wadda take daskarar da shi. Ta biyun sun kamanta ta da halin attajirin da ya ɗauko dukiya ya shiga hanyar hamada mai haɗari, ba abinci ba aminci. Ita kuwa ta farkon, binciken koyarwa yana cikin abubuwa bakwai da suka ce su ne sassan farkawa. Akwai ma huɗuba guda, Vimamsaka Sutta, inda Buddha ya umarci almajiransa su bincike shi kansa, su sa ido su kasa kunne su ga ko akwai gurɓatattun halaye a tare da shi, ko ya daɗe a kan kyakkyawan hali ko sabon shiga ne, ko shahara ta lalata shi. Amincewar da ta biyo bayan irin wannan bincike ita suke kira mai dalili, suna bambanta ta da amincewa marar saiwa.

Amsar tambayarka a kan hanyar da huɗubar ta iso gare mu tana cikin wata huɗuba mai suna Canki Sutta. Wani saurayi Brahmana ɗan shekara 16 mai suna Kapathika ya tambayi Buddha game da malamansu da suke cewa nassoshinsu na da ne kaɗai gaskiya. Buddha ya tambaye shi ko akwai ɗaya daga cikinsu, ko malaminsa, ko malamin malaminsa har zuwa bakwai, da ya ce ni na sani, ni na gani. Da aka rasa, sai ya kamanta su da jerin makafi riƙe da juna, na gaba bai gani ba, na tsakiya bai gani ba, na baya bai gani ba. Amma bai ce a jefar da abin da aka ji ba. Ya ce abin da aka amince da shi yana iya zama ƙarya, wanda ba a amince da shi ba kuma yana iya zama gaskiya, don haka mai kiyaye gaskiya sai ya ce wannan shi ne abin da na amince da shi, kada ya tsallaka ya ce wannan kaɗai ne gaskiya sauran duk banza ne. A wannan ma'auni, wanda ya karɓi Kalama Sutta ta hanyar ji bai saɓa mata ba, muddin ya san cewa ji ya yi, bai kai ga gani ba tukuna. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma kafin ganin ai jin ne yake sa mutum ya ɗaura niyyar tafiya. Wanda ya zauna zauren tauhidi a ƙasarmu zai tuna muhawarar malamai a kan imanin mai taƙlidi, ko da yake ba na so a ja kamancen da nisa, tunda mabiya Buddha ba su da wahayi daga Mahalicci a tsarinsu.

A kan cewa Buddha mabiya kawai yake nema, akwai labarin Upali, attajirin garin Nalanda kuma babban mai ɗaukar nauyin mabiya Jain, wani tsohon addinin Indiya, wanda ya zo domin ya kayar da Buddha a muhawara sai shi aka rinjaya. Da ya ce zai koma tafarkinsa, Buddha ya ce masa ya sake bincike da kyau tukuna, domin mutum sananne irinsa bai kamata ya yi gaggawa ba, sannan ya ce ya ci gaba da bai wa tsofaffin malamansa sadaka.

Duk da haka akwai iyaka, kuma ba zan ɓoye ta ba. A cikin huɗubar kwanakin Buddha na ƙarshe an ce idan wani ya zo da magana ya jingina wa Buddha, kada a karɓa kada a ƙi, a gwada ta da nassoshi da dokokin masu zuhudu. Ma'auni a nan nassi ne. Buddhaghosa kuma, malamin ƙarni na 5 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ce wanda amincewarsa ta fi hikimarsa ƙarfi yakan yarda da abin da bai cancanta ba, wanda hikimarsa ta fi amincewarsa kuwa yakan karkata ga wayo, kuma ciwonsa ya fi wuyar magani, kamar cutar da magani ne ya haddasa ta. A zamaninmu Dalai Lama, babban jagoran mabiya Buddha na Tibet, yakan yawaita kawo baitin da ke cewa a gwada maganar Buddha yadda maƙeri yake gwada zinariya da ƙonawa da yankawa da gogawa, kuma ya fito fili ya ce ya bar tsohon bayanin da ke cewa wani dutse mai suna Meru ne tsakiyar duniya, tunda kimiyya ta nuna ba haka ba ne. A 1993 ya gaya wa malaman addinin na ƙasashen Yamma a garin Dharamsala na Indiya cewa idan malami ya ci amanar almajiransa ya ƙi gyarawa, a fallasa shi. Amma bai bar imani da sake haihuwa ba, kuma muƙaminsa ma a kanta ya ginu, tunda ana ɗaukar kowane Dalai Lama a matsayin sake haihuwar wanda ya gabace shi.

Ɗalibi Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, da Maman Ilham, da Yaya Mai Tantama. Na tura wa abokina jerin abubuwa goman, na ce ya ƙirga guda nawa ne suka shafi hankalin mutum, har yanzu bai ba ni amsa ba. A takardar da zan rubuta zan raba batun gida biyu, abin da mutum zai iya gwadawa a rayuwarsa kamar illar haɗama da ƙiyayya, da abin da sai dai ya karɓa bisa amincewa kamar sake haihuwa.

Sai dai, Malam, ban ga inda aka amsa tambayar Yaya Mai Tantama a kan masu hikima ba. Idan mutumin Kesaputta ya rasa gane mai gaskiya cikin malaman da ke ratsowa ta garinsu, ta yaya zai gane wane ne mai hikimar da zai auna hukuncinsa da nasa? Idan amsar ita ce ya daɗe yana lura da halin mutum kamar yadda Vimamsaka Sutta ta ce, to mutumin garin da baƙo ya kwana biyu a cikinsa ya wuce ba shi da wannan dama. Zan kai wa malaminmu wannan tambaya ranar Litinin, kuma duk abin da ya ce zan kawo shi nan.